Dala Ashirin

Rumfata tana bakin kasuwar Tawa,
tsakanin mai albasa da mai ɗinkin takalma.
Teburi ɗaya, kwamfuta mai tsagaggen gilashi,
igiyoyin caji a zube kamar hanjin akuya.

Shekara bakwai ina tura wa mutane waƙa,
kokawa, wa'azi, wasan Kano.
Akwai kuma wata jaka da ban rubuta a allo ba,
na raɗa mata suna Yaji.
Mai so ba ya tambaya da baki:
ya sosa ƙeya, ya dubi titi,
ya tura dala ashirin ƙarƙashin waya.
Ban taɓa tambayar shekarun kowa ba.
Na ce kasuwa ce. Wuƙa ma ana sayarwa.

Yau ko zuwa ba sa yi.
Rezo ya yi ƙarfi, forfen dare ya yi araha.
Rijiyar da na haƙa da cokali
ta tumbatsa ta fi tabkin Babaye,
ita kuwa ba ta san rani ba.

Leƙa fadarmu bayan isha'i.
A da, kafin shayi na biyu ya tafasa
an kayar da 'yan kokawa goma da baki,
an je Abijan an dawo.
Yanzu buta na ƙonewa a kan gawayi,
samari shida, fuska shida masu shuɗin haske,
kowa ya karkace allonsa kamar mai ɓoye kati.

Tsahara mai ɗinki ta daina bin layin.
Ba wanda ya taɓa ta, ba wanda ya ce uffan.
Ta ce, "Da can in na gaishe su
fuskata suke kallo."

Asumana ya yi aure bara.
Ya zo rumfata, ba gyara ya kawo ba,
ya daɗe yana juya wani mataccen batir.
"Ba ta da laifi," in ji shi.
"Ni ne na shiga ɗakin da taron baƙi a kaina,
na rasa ƙofar da zan kore su."
Na ba shi ruwa.
Me zan ce, ni da na yi masu iso?

Ranar Lahadi, ana tsakar cin kasuwa,
yayata Habsu ta ratso da waya a gefen zane.
Ta Sidiku ce, ɗanta na fari,
wanda ubansa ya aiko masa daga Abijan don karatu.
"Duba mini, batirin ba ya kai safe.
Shi ma yaron haka.
Mushe ya ce barci yake a aji,
ya rame, ba ya haɗa ido da ni.
Na jiƙa masa maganin shawara har sau uku."

Na buɗe.
Cikin tarin abin da rezo ya zubo
ga wata tsohuwar jaka,
ta bi hannu nawa, Allah masani,
ta zaga gari ta komo gida
da sunan da na raɗa mata.

Na ce wa Habsu batir ne.
Ta ajiye dala ashirin, ta yi godiya.

Gogewa ba ta kai minti ɗaya ba.
Na ɗaga kai, kasuwa na nan yadda take.

Da la'asar na kira yaron bayan rumfa.
Ya zo a takure, yana jiran mari.
Muka zauna kan buhun albasa,
shi yana kallon ƙasa, ni ma ƙasa.
Na nemi ta inda zan fara,
na ga babu wata ƙofa sai ni.
Na ce, "Sidiku, ka san wa ya sa mata suna?"

Kuɗin Habsu suna nan kan teburi.
Kwana huɗu ke nan ina share gefensu.